Ka bar ƙyaure yadda ka same shi

Tambayar wannan makon daga nesa muka ɗauko ta, can ƙasar Ostareliya. Ga ta: idan filin mutum ya shiga tsakanin jama'a da abin da yake na kowa ne, yana da ikon ya sa kwaɗo ya hana wucewa? In kuma ya bari, me ya hau wuyan mai wucewa?

A yammacin Ostareliya akwai wata gaɓar teku da ake kira Ningaloo, wajen kilomita 1,200 arewa da birnin Perth. Duwatsun murjanin da ke cikin ruwanta sun miƙe kusan kilomita 260, kuma a 2011 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya. Mutanen birni kan loda ruwa da mai da abinci a manyan motocin nan irin su Land Cruiser da Hilux, waɗanda ƙafafunsu huɗu duka ke ja, su je su kafa tanti a bakin ruwa, wasu har su yi makonni. Sai dai kwalta ba ta kai yawancin wuraren ba. Tsakanin titi da teku akwai gandayen kiwo, irin su Warroora da Gnaraloo da Quobba, kuma dole ta cikinsu za ka bi. Kada ku ɗauka irin garken da muka saba gani ne. Gandun shanun da ya fi kowane girma a ƙasar, Anna Creek, ya haura murabba'in kilomita 23,000, wato ya fi jihar Kano faɗi.

Mai gandu yana da hujjarsa. Shi yake gyara hanyar ƙasar nan da kuɗinsa, mota ɗaya kuwa in ta bi ta bayan ruwan sama sai ta bar ramukan da za a daɗe ana fama da su. Wani ya hura wuta da dare ya tafi bai kashe ba, gobara ta cinye ciyawar shekara. Wani ya zo da kare ya firgita dabbobi. Wani ya kafe a yashi tsakar dare, wa za a tasa? Mai gandu. In irin wannan ya ce ya gaji, ba za ka ce ƙarya yake ba.

Matafiyi ma yana da tasa. Teku ba na mai gandu ba ne, ba shi ya haƙa shi ba. Kai, ƙasar ma da yake kiwo a kai, a doka ta gwamnati ce, haya aka ba shi don kiwo. Lokacin da wa'adin hayar gandayen yammacin ƙasar ya cika ranar 30 ga Yuni, 2015, gwamnatin jihar ta cire zirin bakin tekun Ningaloo daga sabuwar hayar. Ga kuma masu haƙƙin da ya riga na kowa, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. A 1996 babbar kotun Ostareliya, a shari'ar Wik, ta ce hayar kiwo ba lallai ta shafe haƙƙinsu a kan ƙasar ba. Ka ga ke nan wanda ake kira mai gida, shi ma wasu ya tarar a gidan.

To, ina gaskiya take? A ganina mai fili ba shi da ikon mayar da shingensa katangar da za ta raba mutane da abin da bai mallaka ba. Yana iya tsara hanya, ya ce nan za a bi ban da can, ya karɓi kuɗin gyara daidai gwargwado, ya rufe ranar da ƙasa ta jiƙe. Duk wannan kare dukiya ne. Amma ya garƙame har abada don mutum ɗaya ya yi ɓarna, wannan hora mutum ɗari ne da laifin da ba nasu ba.

Sai dai nauyin da ya fi girma yana kan mai wucewa, kuma nan nake so mu ɗan tsaya. Mutanen karkarar Ostareliya suna da wata ƙa'ida da ko yaro ya sani: duk ƙyauren da ka tarar, ka bar shi yadda ka same shi. In a rufe yake, ka buɗe, ka wuce, ka sauko ka rufe. Wannan kowa ya gane, don in ka bar shi a buɗe shanu za su fice su cakuɗe da na wani sashe, aikin kwanaki ya tashi a banza. Rabi na biyun ne ke ba mutane mamaki: in a buɗe ka same shi, kada ka rufe. Baƙo mai kirki zai ga ƙyaure a hangame ya ce wani sakarai ne ya manta, bari in taimaka. Alhali mai gandu da gangan ya bar shi, don ta nan shanu ke zuwa shan ruwa. A ƙasa mai zafi irin wannan, inda makiyayi kan yi kwanaki bai leƙa wani sashe ba, wannan taimakon sai ya kashe dabbobi da ƙishirwa a bakin shinge.

Kun ga kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Baƙo yana ganin ƙyaure, amma bai san abin da ya sa yake haka ba. Shi ya sa aka ce baƙo, ko idonsa ya kai gwangwani, ba ya ganin gari. Ladabin mai wucewa shi ne ya yarda akwai tsarin da ya riga shi zuwa, in abu ya ɗaure masa kai ya tambaya kafin ya gyara.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi, wato mai zuwa bayanka. Ba ka san shi ba, ba zai taɓa gode maka ba, amma halinka na yau ne zai sa ya tarar da hanya ko ya tarar da kwaɗo. Yawancin ƙofofin da aka rufe, wani ne ya wuce jiya ya bar mugun tarihi.

Mu da muka san burtali, maganar ba ta yi mana nisa ba, juyawa kawai ta yi. A wajenmu shanu ne ke neman hanya ta tsakanin gonaki zuwa mashaya, a can mutane ne ke neman hanya ta cikin shanu zuwa teku. Duk inda manomi ya nome burtali, ko makiyayi ya saki dabba cikin shuka, mun ga abin da ya biyo baya. Mu kuma da ke zaune garin wasu, kullum ta ƙofar wani muke wucewa, a kasuwa ko a unguwa. Kowa ya tambayi kansa yadda ya bar ta.

Allah Ya sa mu dace. Sai wani makon.