Tanadin Tsufa Tsakanin Tawakkali da Amana

Akwai wata mas'ala da takan taso a majalisun dattawa a Jibiya, musamman a tsakanin waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a aikin gwamnati, malaman firamare da ma'aikatan asibiti da jami'an kwastan da na shige da fice da suka yi zama a Magama, bakin iyakarmu da Nijar. Mas'alar kuwa ita ce, shin wanda ya yarda ana yankar wani abu daga albashinsa kowane wata har shekara 35, domin ya ci a ranar da ƙarfi ya ƙare, bai nuna raunin tawakkali ba, alhali bai san ko zai ga gobe ba, kuma arzikin kowane mai rai yana hannun Mahaliccinsa?

Ba tambayar da za a raina ba ce, domin magabata sun yi dogon bahasi a kanta. Imam Gazali, a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumid Din, ya tafi a kan cewa mai iyali ba ya fita daga tawakkali don ya ajiye abincin shekara guda, hujjarsa kuwa ita ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓe wa iyalansa abincin shekara. Amma abin da ya wuce shekara, a ganinsa, ya warware tawakkali, saboda sabuban arziki suna dawowa ne shekara bayan shekara. A wannan dalili na ƙarshe ya kamata a tsaya a yi nazari. Manomin da ya cika rumbunsa da kaka yana da wata damina a gaba in Allah Ya kai rai, shi ya sa tara abin da ya zarce shekara zai iya zama alamar dogon buri a wurinsa. Ma'aikaci kuwa, doka ta riga ta yanka masa ranar da daminarsa za ta ɗauke ba ta ƙara dawowa, wato galibi ranar da ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma tun ranar da aka ɗauke shi ya san wannan rana. Halinsa ya fi kusa da na mutanen Masar a zamanin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, waɗanda aka sanar da su shekarun fari tun ba su zo ba, aka umarce su da su bar hatsi a zangarniyarsa. Ba wanda ya ce wannan tanadi na shekara 7 ya saɓa wa dogaro ga Allah, tun da Annabi ne ya tsara shi.

To, idan an wanke ma'aikaci daga wannan zargi, sai tambaya ta koma inda ta fi nauyi, wato kan wanda ya karɓi ajiyar. Fansho da garatuti ba sadaka ba ne, ba kuma alherin gwamna ko shugaban ƙasa ba ne. Ladan aiki ne da aka jinkirta, saboda haka bashi ne a wuyan wanda ya sa aikin, amana ce a hannun wanda ya riƙe kuɗin, kuma shari'a ta kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi da sunan zalunci. Tsohon tsari, wanda gwamnati ke biya daga kasafin kuɗinta, ya tara bashin da ya gagari biya, har a shekarar 2004, zamanin Obasanjo, aka kawo tsarin karo-karo a ƙarƙashin hukumar PenCom, inda kowane ma'aikaci ke da asusu da sunansa. Dokar 2014 ta ɗaga kason zuwa kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci da kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Tsarin ya toshe ƙofofi da yawa, wannan gaskiya ne, amma ba a manta cewa Abdulrasheed Maina, mutumin da aka naɗa don ya tsabtace harkar fanshon tsohon tsari, shi ne wanda ya tsallake beli aka kamo shi a Jamhuriyar Nijar a ƙarshen 2020, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a Nuwamban 2021 a kan kuɗin da ya haura naira biliyan 2. A farkon 2025 kuma sai da gwamnatin tarayya ta amince da cin bashin naira biliyan 758 don ta sauke haƙƙoƙin 'yan fansho da suka taru a kanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake ɗauko kalmomin addini a rufe bakin mai haƙƙi da su. Dattijo ya taso daga Jibiya zuwa Katsina don tantancewa, da ciwon ƙafa, da kuɗin motar da ya ranta, a ce masa, "Baba, a ƙara haƙuri, komai lokaci ne, sai a bar wa Allah." Haƙuri ado ne ga wanda aka zalunta, amma wanda haƙƙin ke hannunsa ba shi da hurumin yin wa'azinsa, domin abin da aka wajabta masa shi ne biya.

Akwai kuma wata tauyewar da ba a kama kowa da laifinta, mutanen bakin iyaka kuwa sun fi kowa ganinta, domin kullum naira da sefa suna haɗuwa a hannun 'yan canji. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa, wadda dala guda take daidai da wajen 460 a farashin hukuma a Mayun 2023, ta wuce 1,500 a 2024, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda aka yanki kuɗinsa lokacin da kuɗin yake sayen buhun gero, aka mayar masa lokacin da bai wuce 'yan tiyoyi ba, an cika masa adadi an tauye masa ƙima, fukaha'u kuwa sun daɗe suna saɓani a kan wanne ne wajibi a biya idan kuɗi ya karye. Ga masu ƙyamar riba, tun da yawancin kuɗin fansho a takardun lamunin gwamnati masu ruwa ake juya su, PenCom ta buɗe asusun da ba ruwa a 2021, wanda ake zubawa a sukuk da makamantansa, kuma ma'aikaci yana da ikon ya nemi a mayar da ajiyarsa can.

Duk wannan bayani, sai dai, ya shafi 'yan ƙalilan ne. Akasarin mutanen Jibiya direbobi ne da 'yan dako da fatake da manoma, waɗanda fanshonsu shi ne saniya a turke, da adashi, da jarin da ke kai da komowa tsakanin Katsina da Maraɗi, da 'ya'ya masu albarka. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, jari ya narke a cikin zaman jira, shanu kuwa 'yan bindiga suka kora daji. An ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu a 2019, amma wanda bai sami na tuwon dare ba, me zai zuba?

Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sauwaƙa, sa'an nan ya umarci ma'ajin baitulmali ya kula da shi da ire-irensa, ya kuma ɗauke musu jiziya, bisa hujjar cewa ba adalci ba ne a mori ƙuruciyar mutum a yasar da shi a tsufansa. Tsohon nan bai taɓa yi wa hukuma aiki ba, ba a yanki komai daga gare shi da sunan ajiya ba. Ɗan dakon da ya shekara 40 yana sauke buhuna a Magama, waɗanda aka karɓi kuɗin fito a kansu aka zuba a baitulmalin tarayya, yana da irin wannan haƙƙi, kuma ya kamata hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu su fara rubuta sunayen irinsa unguwa-unguwa, ta hannun masu unguwanni da limamai waɗanda suka san kowa da gidansa.