Me Ya Sa Musuluncin Bayi Bai Kai Jikoki Ba a Tsibiran Karebiya?

Mafi yawan mazauna tsibiran Karebiya, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiya ta Yamma, jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka domin noman rake. Cikin bayin akwai Musulmi, wasunsu ma malamai ne masu rubutu da Larabci, akwai kuma masu bautar gargajiya daga ƙasar Yarbawa da Dahomey da Kwango. Har yau ana kaɗa wa Shango, abin bautar Yarbawa, ganga a Kyuba da Tirinidad, Vodu kuma na nan da ransa a Haiti, inda gwamnati ta amince da shi a matsayin addini a 2003. Amma Musuluncin da bayi suka ƙetare teku da shi bai kai jikoki ba. Yaya aka yi addini mai littafi ya yanke, wanda ake riƙe da shi a baki da ganga ya rayu?

Ba za a ɗora laifin kan raunin imani ba. Abubakar Siddiƙ, haifaffen Tumbutu da ya girma a Jenne, ya shafe kusan shekara 30 yana bauta a Jamaika da sunan Edward Donlan, yana rubuta wa ubangidansa lissafin kaya da haruffan Larabci. A 1834 wani alƙali, Richard Madden, ya nema masa 'yanci, shi kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya ambaci iyayensa da garuruwan da ya yi karatu. Muhammadu Kaba, wanda aka kai Jamaika tun 1777, an yi masa baftisma a coci, amma da tsufansa ya rubuta littafi kan salla da rukunan addini daga abin da ya haddace yana saurayi. A Tirinidad kuwa Musulmi sun kafa ƙungiya a Port of Spain ƙarƙashin limaminsu Jonas Mohammed Bath, suna tara kuɗi suna fansar 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya, har suka rubuta wa Sarkin Ingila takardar roƙon a mayar da su gida. Waɗannan mutane sun riƙe addininsu iya ƙarfinsu. Abin da ya gagare su shi ne miƙa shi.

Musulunci na wucewa daga uba zuwa ɗa ne ta hanyar karatu. Yana buƙatar malami da allo da tawada, da yaron da zai zauna shekaru yana bita, da gidan da uwa ke tashin 'ya'yanta sallar asuba. Bauta ta rushe dukan wannan. Maza sun fi mata yawa a jiragen bayi, Musulmi kuma tsiraru ne a gandayen rake, don haka da wuya Musulmi ya sami Musulma ya aura. Ɗan da aka haifa mallakin ubangidan uwarsa ne, ana iya sayar da shi wani gandun kafin ya iya Fatiha. Da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, sabbin masu ilimi suka ragu ƙwarai a tsibiranta, tsofaffin malamai suka riƙa mutuwa da karatunsu a ƙirji. Akwai kuma dalili daga cikin aƙidar kanta: tauhidi bai bar wa Musulmi ƙofar fakewa a bayan mutum-mutumin waliyyi ba. Yana iya ɓoye imaninsa a zuci, kamar yadda Kaba ya yi, amma abin da aka ɓoye daga ubangida sau da yawa yakan ɓoyu har ga ɗa.

Bautar gargajiya ta sami waccan ƙofar a buɗe. Dokar bayi ta Faransa ta 1685 ta wajabta a yi wa kowane bawa baftisma a cocin Katolika, Sifaniyawa ma haka suka yi a Kyuba, inda suka ƙyale bayi su kafa ƙungiyoyi bisa ƙabila. A nan abubuwan bautar Afirka suka fake a bayan waliyyan coci: Shango ya shiga rigar Santa Barbara, Yemaya ta zama Budurwar Regla, a Haiti kuma aka haɗa Dambala da waliyyi Patrick. Waƙa da rawa da hawan iska ba sa neman takarda, kuma mata na gadar da su kamar yadda maza ke yi. Lokaci ma ya taimaka: rushewar daular Oyo ta jefa Yarbawa masu yawa kasuwar bayi a ƙarni na 19, Kyuba kuma ta ci gaba da sauke bayi har shekarun 1860, ba ta soke bauta ba sai 1886. Sai dai tsirar ta zo da farashi. A Afirka kowane gari da kowace zuriya da abin bautarsu. A Kyuba an tattara su wuri guda, wasu suka narke cikin wasu, da yawa aka manta da su.

Daga nan tambayar ta koma kan ma'anar gado. Marubuci V. S. Naipaul na Tirinidad ya yi da'awa a 1962 cewa ba a ƙirƙiri kome a tsibiran ba. Marubuci Kamau Brathwaite na Barbados kuwa ya nuna a 1971 cewa cuɗanyar Afirka da Turai a Jamaika ta haifi sabuwar al'ada mai cin gashin kanta. Hujja ta fi ƙarfi a wajen Brathwaite, amma bayaninsa ya fi dacewa da abin da ke karɓar gauraya. Addinin da ya ƙi gaurayuwa bai bar kome ba sai ɓurɓushi: sadakar abinci domin magabata da ake kira saraka a Girenada da Kariyaku, da sallamar Musulmi da mabiya addinin Palo na Kyuba ke gaisawa da ita ba tare da salla ba. Maureen Warner-Lewis, wadda ta zauna da tsofaffin Tirinidad tana naɗar abin da suka ji daga kakanninsu, ta tarar har da ragowar Hausa a bakin wasunsu. Ragowa irin wannan shaida ce ta wucewar mutane, ba ta kai ta tsayar da jam'in salla ba.

Zuwan Indiyawa ya gwada wannan bayani. Daga 1845 zuwa 1917 an kai Tirinidad 'yan ƙwadago sama da 140,000 daga Indiya bisa yarjejeniya mai tsanani, har aka buɗe wa jerin gwanon Hosay na watan Muharram wuta kusa da San Fernando a 1884. Duk da haka ba a sauya musu suna dole ba, ba a sayar da 'ya'yansu ba, sun yi aure a tsakaninsu, sun gina masallatai da makarantu. Gandayen raken su ne dai na da, amma wannan karon addinin ya kai jikoki. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi kusan kashi 5 cikin 100 ne na mutanen Tirinidad da Tobago, wani Musulmi kuma, Noor Hassanali, ya shugabanci ƙasar daga 1987 zuwa 1997. Baƙaƙen fatar tsibiran da suka musulunta a ƙarni na 20 kuwa sun karɓi addinin ne daga littattafai da masu wa'azi na zamaninsu, domin silsilar Siddiƙ da Kaba da Bath ta riga ta yanke tun a ƙarni na 19.