Wa Ke Zaɓar Abin Da Yaro Zai Manta?

Sanin kowa ne yaro ba ya iya haddace duniya a zama ɗaya. Shekarun firamare shida ne, darasi kuwa mintoci ƙalilan. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa aikin tsara manhaja, aiki biyu yake yi: yana zaɓar abin da za a koyar, yana kuma zaɓar abin da za a bari. Wannan na biyun shi ne ya fi nauyi, domin ba ya fitowa a takarda, ba kuma mai tuhumar kowa a kansa.

Alal misali, bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, da manufar ilimi ta 1977, an kafa hukumar NERDC a 1988 don ta riƙa kula da abin da ake koyarwa a makarantun Nijeriya. Manhajar 2007 ta cire Tarihi daga jerin darussa masu zaman kansu a firamare da ƙaramar sakandare, sai bayan fiye da shekara goma aka dawo da shi. Waɗanda suka yanke shawarar nan ba mugaye ba ne. Amma yaran da suka wuce a tsakanin nan fa? Wa zai mayar da su aji ya ba su labarin ganuwar Kano, ko na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970?

To, a nan ne muke ganin aikin manhaja da shugabancin makaranta sun wuce neman abinci. Likita in ya yi kuskure, gawa na gabansa. Mai tsara manhaja kuwa sai bayan shekara ashirin ɓarnarsa ke bayyana, lokacin ya yi ritaya, wataƙila ma da lambar yabo. Amanar da ba mai binciken ta ita ce ke nuna halin mutum.

Wasu za su ce ai dole wani ya zaɓa, in aka jira yardar kowa ba za a buɗe aji ba. Haka ne. Ba mu ce a daina zaɓe ba, amma muna da ma'auni ɗaya da muke so kowane darakta da hedimasta da sufeton makarantu ya auna kansa da shi: abin nan da ka tsara wa ɗan manomi, ka yarda ɗanka ya zauna a benci ɗaya da shi ya koye shi? Wanda ya dafa tuwo ya ƙi ci, bai kamata ya yi fushi ba in baƙi suka tsame hannu.

Matasanmu masu sha'awar wannan fanni, muna maraba da su. Sai dai su sani icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma iccen da za a miƙa musu na mutane ne.