Idan Ciwon Dajin Mama Ya Yi Nisa, Shin Magani Ya Ƙare?



Ya ke 'yar'uwa, nawa ne daga cikinmu suka ji ƙulluto a mama suka rufe da zani, suka yi shiru shekara guda? Wata kunyar likita namiji ce ta hana ta, wata tsoron kada maigida ya juya mata baya, wata kuma an gaya mata wai daji ba ya son allura. Wannan magana ta ƙarshe ta kashe mata da yawa, kuma ba ta da tushe. Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, malamai kuma sun halatta likita namiji ya duba wurin ciwo gwargwadon lalura idan ba a sami mace ba.

To, yanzu ciwon ya yi nisa. Idan yana mataki na 3, wato bai wuce mama da kewayensa kamar hammata ba, akan fara da ƙarin ruwan kemo don ya tsuke, sannan tiyata, sannan gashi da na'ura, kuma ana sa ran warkewa. Idan ya kai mataki na 4, ya shiga ƙashi ko hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa, gaskiya ba a cika raba mutum da shi ba, amma ana danne shi, wata ta yi shekaru tana renon 'ya'yanta.

Ki roƙi a ɗebi ɗan tsoka a auna, domin dajin mama iri-iri ne. Akwai wanda sinadarin mace na jiki ke ciyar da shi, wannan ƙwaya ake sha kullum, kamar tamoxifen ko letrozole. Akwai mai alamar HER2, shi kuma allurar trastuzumab ce maganinsa, wadda aka fara amfani da ita a Amurka a 1998. Tana da tsada ƙwarai, a nan ne zakka da sadakar 'yan'uwa ya kamata su nufa, ba ankon biki ba. Ciwon ƙashi kuwa gashi na sauƙaƙa shi, akwai kuma allurar ƙarfafa ƙashi. Idan zafi ya tsananta likita ya rubuta mofin, ki sha; jure azabar da take da magani ba shi ne haƙuri ba.

Kemo yakan zubar da gashin kai, ya kawo amai da kasala. Gashin yana dawowa. Kada ki katse a tsakiya don wani ya kawo jiƙo. Ki yi addu'arki, ki sha zamzam ɗinki, amma duk ganyen da za ki sha ki gaya wa likita, don wani yana wahalar da hanta.

Ibada fa? In azumi zai cutar da ke, ki ajiye ki rama, in ciwon ba mai barin ki ba ne ki ciyar. In ruwa zai ɓata wurin tiyata, ki shafa a kan bandeji ko ki yi taimama. Salla a zaune ta inganta, a kwance ma haka, ladanki kuma yana nan cikakke insha Allahu.