Tiyon birki mara tsatsa: wajibi ne, buƙata ce, ko ƙawa?

Birkin ƙananan motoci da mai yake aiki. Idan direba ya taka, ƙarfin ƙafarsa yakan matsa man birki, man kuma ya bi ta bututu ya kai matsin ga kowace taya. Dokar da wannan ya ginu a kanta ita ce wadda Blaise Pascal na Faransa ya bayyana a ƙarni na 17: ruwan da ke kulle, in aka matsa shi a wuri ɗaya, matsin yana isa ko'ina cikinsa. Hanyar da man ke bi iri biyu ce. Akwai siririn bututun ƙarfe da ke manne a ƙarƙashin mota, akwai kuma gajeren tiyon roba a kusa da kowace taya, domin taya tana juyawa tana hawa da sauka, ƙarfe kuwa ba ya lanƙwasa ya dawo. Canjin da wasu masu mota ke sha'awa shi ne a cire tiyon roba a sa wanda cikinsa Teflon ne, bayansa kuma saƙar zaren ƙarfe mara tsatsa, wani lokacin har da sauya dogon bututun da na irin wannan ƙarfen.

Amfanin canjin sananne ne, iyakarsa ma sananniya ce. Roba takan ɗan kumbura idan matsi ya yi yawa, musamman in ta tsufa ko ta yi zafi, sai direba ya ji birki ya yi laushi. Saƙar ƙarfe tana hana kumburin, birki ya yi tauri a ƙafa, abin da ya sa masu tseren mota ke son sa. Amma nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ya fi rataya ga lafiyar taya, yanayin hanya, nauyin kaya da saurin da ake yi. Motar da tiyonta na roba ke da lafiya ba ta samun wani ragi na a zo a gani a wannan nisan don an sa mata na ƙarfe. Yana kuma da nasa aibin: tsagewar roba ido na ganinta, lalacewar da ke ƙarƙashin saƙa kuwa ɓoyayya ce, kuma yashi na iya shiga tsakanin zaren ya riƙa cin na ciki idan ba a lulluɓe shi da leda ba. Bututun ƙarfe mara tsatsa shi ma yana da taurin da ke wahalar da makanike wajen buɗa bakinsa, in bai zauna daidai ba sai ya yi yoyo.

Wuri ma yana da hukunci a kan lamarin. A Turai da arewacin Amurka ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin bututun ƙarfe. A yammacin Zamfara babu wannan. Abin da motar da ke zirga-zirga tsakanin Anka, Bagega, Bukkuyum da Gummi ke fama da shi shi ne ƙura da zafi da rani, taɓo da ruwa da damina, ramuka, da lodin da ya wuce kima ranar kasuwa. Sai dai da yawan motocin da ke hannun jama'a na hannu ne da aka shigo da su daga waɗancan ƙasashe, don haka wata takan iso da tsatsarta tun daga can.

Daga nan tambayar ke barin gareji ta koma zauren malamai, domin mutane biyu ne ke kuskure a kanta. Na farko shi ne wanda birkinsa ke yoyo, yana ƙara mai kowace safiya yana lallaɓawa, in an yi masa magana ya ce in kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru. Na biyu shi ne wanda ke ganin duk abin da aka kira kariya dole ne a saya, kuma tsadarsa ita ce shaidar ingancinsa. Na farko ya raina sababi da sunan tawakkali, na biyu ya ɗora wa sababi abin da ba zai iya ɗauka ba.

Amsar na farko tsohuwa ce. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta kuma ya dogara ga Allah. Haka Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma nuna wa masu ganin hakan gudun ƙaddara ne cewa komawar ma cikin ƙaddara take. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi aikin gaɓɓai, ɗaya ba ya korar ɗaya. Ga direba kuwa akwai ƙari: rayukan da ke motarsa ba nasa ba ne. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ɗora lamuni a kan mai kora dabba, da mai janta, da mahayinta, game da abin da ta tattake. Idan haka ne ga dabbar da ke da nata nufin, to wanda ya ɗebi fasinja ya san birkinsa ba shi da lafiya ya fi kusa da ɗaukar alhaki. Mutum ba ya yin tawakkali da ran wani.

Amsar na biyu ta fi buƙatar natsuwa, domin ba kowane sababi ne daidai da ɗan'uwansa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa sabuban kawar da cuta gida 3 a littafinsa Ihya'u Ulumiddin: wanda amfaninsa tabbatacce ne, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, barinsa haramun ne idan ana tsoron halaka, wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar yawancin magunguna, yin sa ba ya rushe tawakkali, da wanda amfaninsa tsammani ne kawai, wanda barinsa yake cikin sharuɗɗan tawakkali. A ma'aunin nan, sauya tiyon da ya tsage ko ya kumbura, da bututun da tsatsa ta ci, sababi ne tabbatacce. Sauya man birki a kan lokaci shi ma haka, domin man yana jan danshi: irin DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salsiyos, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 140, kuma man da ya tafasa a gangara yana barin ƙafar direba ta nutse ba tare da mota ta tsaya ba. Tiyon ƙarfe a motar da komai nata ke lafiya yana cikin kashi na biyu, da ɗan amfani na gaskiya. Zaton cewa zai tsare motar da tayoyinta suka suɗe kuwa tsammani ne zalla.

Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya jera maslahohi hawa 3 a littafinsa Muwafaƙat: larurori, buƙatu, da abubuwan kyautatawa. Kiyaye rai yana cikin larurori, kiyaye dukiya ma haka, kuma na ƙasa ba ya shiga gaban na sama idan suka yi karo. Birki mai kamawa larura ce. Kayan gyara na kirki da makaniken da ya san aikinsa buƙata ce. Taurin birki a ƙafa kyautatawa ce. Kyautatawa halal ce ga mai hali, ba a kiran ta almubazzaranci don kawai tana da tsada. Tana zama abin zargi ne idan ta cinye kuɗin da larura ke jira, ko na taya, ko na cefanen gida.

Mutanen Bagega sun ga muhimmancin jeranta sabuba a wani al'amari da ya fi wannan nauyi. A 2010 aka gano gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, inda yara kimanin 400 suka rasu. Maganin fitar da dalma daga jini yana nan, amma ƙungiyar likitoci ta MSF ba ta fara bai wa yaran Bagega shi gadan-gadan ba sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje a 2013, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, domin yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a ƙasa mai guba zai sake kamuwa. Maganin na gaskiya ne, amma amfaninsa ya rataya ga abin da ya kamata ya gabace shi. Ƙa'idar ɗaya ce a gyaran mota.

Hukuncin canjin, saboda haka, yana bin halin mota da na mai ita. Wanda tiyonsa ya lalace, sauyawa ta wajaba a kansa, kuma sabon tiyon roba mai inganci ya sauke masa wajibin. Idan a kasuwa babu na roba sai jabu, ga kuma na ƙarfe daga kamfanin da aka sani, to na ƙarfen ya tashi daga ƙawa ya zama buƙata. Wanda ya gama da taya, da mai, da sauran kayan birki, yana kuma da rara, ya halatta ya saya, da sharaɗin ya sami mai ɗaurawa da kyau kuma ya riƙa dubawa, tun da lalacewarsa ba ta fitowa fili. Mai motar haya da kuɗinsa ba zai kai ga duka ba, abin da ke kansa shi ne ya fara da taya da man birki, ya rage lodi da gudu, domin waɗannan ne suka fi yanke hukunci a kan ko mota za ta tsaya a inda ake so.