Gyaran Da Bai Iso Gida Ba

Mu masu rubuta manhaja mun san azabar harafi ɗaya. Sai ka rubuta layi dubu goma lafiya lau, amma alama guda da ta zauna inda bai kamata ba ta tsayar da komai. Shi ya sa labarin ciwon sikila yake taɓa mu ta wata fuska ta daban. Bayanan gadon ɗan Adam, wato DNA, rubutu ne mai haruffa kusan biliyan 3. A ƙwayar gadon da ke sarrafa himogulobin, harafin A guda ya koma T. Wannan kaɗai ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi.

Gano kuskuren ya fi kai gyaran sauƙi. Ƙwayar halitta tana da katanga, ba ta karɓar baƙo haka kawai. Saboda haka masana suka ɗauki bairas, wanda dama sana'arsa ke nan kutsawa, suka cire masa abin da ke sa cuta, suka ɗora masa saƙon da suke so. Wani lokacin sukan naɗe saƙon cikin ɗan ƙunshin kitse, wani lokacin kuma su ɗan girgiza ƙwayar da lantarki har katangar ta buɗe. Hanyar ta ci rai. A 1999, Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18, ya rasu a Amurka bayan jikinsa ya yi wa bairas ɗin da aka ɗura masa mummunar tawaye.

A ƙarshen 2023, Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su da almakashin CRISPR domin su koma yin himogulobin irin na jariri a ciki, wanda ba ya lanƙwasa jini. Sai a share tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, wanda zai iya hana haihuwa, sannan a mayar da gyararrun. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2.

A nan tambayarmu take. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Idan magani yana nan amma mafi yawan masu ciwon ba za su taɓa ganinsa ba, shin za mu iya cewa an samu magani?

A sana'armu, gyaran da ya tsaya a kwamfutar mai rubutu ba a ƙirga shi. Sai ya isa hannun mai amfani ake rufe batun. Mun ga kamar ya dace a auna ilimin likitanci da wannan mudun. An shawo kan tazarar da ke tsakanin allura da cikin ƙwayar halitta, saura wadda ke tsakanin Boston da Gusau.

Wani zai ce kamfani ya kashe dukiya da shekaru, dole ya fanshe, kuma kowace sabuwar fasaha da tsada take farawa. Akwai gaskiya a ciki. Amma mu tuna maganin ƙanjamau. A 2000, kuɗin shekara guda ya kai dala 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da shi a kan dala 350. Farashin bai sauko don kansa ba, mutane ne suka matsa. Waɗanda suka mutu ana jira kuwa, ragin bai dawo da su ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu saukar da kai. Harafin da muke kira kuskure, idan mutum ya gaje shi daga ɓangare ɗaya kawai, yana kare shi daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Dalilin yawansa a ƙasashenmu ke nan. Duk wanda ya taɓa goge layin da bai fahimta ba a tsohuwar manhaja ya san abin da ke biyo baya. Don haka muna bambanta jinyar mai ciwo da ya yarda da bakinsa, da taɓa gadon 'ya'yan da ba a haifa ba, irin abin da He Jiankui ya yi a ƙasar Sin a 2018 har aka ɗaure shi shekara 3.

To mene ne namu a ciki? A 2019, gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka sun yi alkawarin dala miliyan 200 don neman irin wannan magani da zai yiwu a Afirka. Ya kamata likitocinmu da majinyatanmu su kasance cikin masu tsara shi, kada su zama 'yan kallo. Kafin nan, akwai abubuwan da suka riga suka iso: gwajin jini kafin aure, gwajin jarirai, gidan sauro, da maganin hydroxyurea. Idan waɗannan ma ba su kai ga yaron da ke ƙauye ba, ba mu da bakin ɗora wa Boston laifin duka.