Hukuncin Ƙayyade Kuɗin Kai Sammaci

Tambaya: Wani mai gidan haya a Gwallameji, unguwar da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Bauchi suka cika, ya kai ƙarar ɗan hayarsa. Ya biya kuɗin sammaci, an ba shi rasit, sai masinjan kotu ya ce takarda ba za ta tafi ba sai an ba shi na mai. Shin hukuma na da ikon yanka wa masinja abin da zai karɓa? Kuma wa ke biya?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Asali, ladan mataimakan alƙali daga baitulmali yake fitowa, domin kai sammaci yanki ne na aikin shari'a. Idan baitulmali bai ɗauka ba, malaman Malikiyya sun ɗora shi a kan mai ƙara. Haka Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 829 bayan Hijira, ya tabbatar a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi. Amma ya yi togaciya: in wanda ake ƙara ya yi taurin kai, yana ɓuya ko yana ƙin amsa kira, kuɗin ya koma kansa, tunda shi ya jawo wahalar.

Ƙayyade kuɗin kuwa halal ne, har ma wajibi ne a kan hukuma. Saɓanin malamai game da tsayar da farashi na kasuwa ne, inda mai saye ke iya barin wannan rumfa ya nufi waccan. Mai neman haƙƙinsa ba shi da wani masinja da zai koma wa, don haka ciniki da shi matsi ne, ba yarda ba. Sai a duba nisan tafiya, domin kai takarda Yalwa ba daidai yake da kai ta Dass ko Toro ba, a rubuta adadin, a manna a ƙofar kotu, a kuma riƙa sabunta shi idan kuɗin mota ya tashi, don kada masinja ya yi aikin gwamnati da aljihunsa.

Abin da ya haura wannan adadi haramun ne ga masinja mai albashi, ko da an kira shi goro. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi (SAW) ya tsawatar wa Ibnul Lutbiyya kan kyautar da ya karɓa a aikin tara zakka. Wanda aka tilasta wa biya don kada haƙƙinsa ya salwanta ba shi da laifi, amma ya sanar da magatakarda ko alƙali. Masinjan kuma ya mayar da abin da ya karɓa.

Allah ne Mafi sani.